Ranar Da Na Kai Jita Bakura

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai jita Bakura ba, ko da yake Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ana tsakar aikin dam ɗin Bakolori, ni kuma ina makaniki a garejin kamfani kusa da Talata Mafara. Shugabanmu wani Bature ne mai gemu, mutumin Amurka. In an tashi cin abinci yakan jawo jita ya kama kiɗan makiyayan ƙasarsu, da wani mai saurin tsiya da yake kira bulugiras. Ni ɗan mahauta ne, amma ko kalangun da ake kaɗa wa gidanmu ban taɓa ɗauka ba. Sai ga shi kiɗan wasu can ya shiga raina ya zauna. Da Baturen zai koma gida ya bar mini tsohuwar jitarsa da kaset ɗaya.

Wahala na sha ta. Yatsuna suka fashe, suka warke, suka yi kanta. Wurin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne inda mawaƙi ke yin shiru, mai jita ya ruga shi kaɗai daga waya mai kauri zuwa siririya, sannan ya dire. Daga baya na gano dabara: in batir ya yi sanyi rikoda na jan kiɗan a hankali, sai in bi sautin ina tsinta ɗaya bayan ɗaya. (Maƙwabtana sun ɗauka akuya ce ke naƙuda a ɗakina.) Ka'idar da Baturen ya bar mini kuwa ita ce: in ka fara kada ka tsaya ko ka yi kuskure, kuma idonka kan yatsunka.

Ina da aboki ɗan Bakura, Umaru, yana da ƙanwa Hajo, ni kuma ina son Hajo har ba na iya cin abinci sosai. Matsalar ita ce mahaifinsu, Malam Bawa. Katafilolin da nake shafa wa giris su suka baje gonarsa, har da tsamiyar da ya gada, don haka ko sunan ɗan kamfani ba ya son ji. Umaru ya ce in zo ranar ɗaurin aurensa, ranar da ran tsohon zai yi fari, shi zai gabatar da ni. Ya ce in sa babbar riga, in durƙusa, in rage surutu. Bai ce in zo da jita ba. Wannan ƙarin basirata ce.

Motar da na shiga ta lalace a hanya, ban isa ba sai wajen azahar. Na tarar da maza cike da tabarmi a ƙofar gida, hayaƙi na tashi daga ciki, ƙamshin miya ko'ina. Na ce lalle an ɗaura, ana jiran abinci.

Kowa ya san gaisuwar ƙasarmu: sai an tambayi gida, da iyali, da gajiya, da rana, da dabbobi, kafin a faɗi abin da ya kawo mutum. Ni sai na ga gaisuwa za ta ɓata mini shiri, so nake in ba su mamaki. Ko sallama ban yi ba. Na sami turmi a kife gefen bango na zauna, na tattare hannun riga, na sunkuyar da kai, na saki kiɗa.

Wurin ya yi tsit. Na ce a raina, ka ji yadda ake sauraron gwani. Wani ya yi gyaran murya, ban ɗago ba. Wani ya ce "Subhanallahi," na ɗauka yabo ne, na ƙara wuta. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ban taɓa kiɗa mai kyau kamar na ranar ba. Ko waya ɗaya ban kuskure ba. Na ruga, na dire, na ɗago kai ina murmushi.

Sannan na ga jar laka a ƙafafun wandunansu. Na ga gatari da shebur a ajiye. Na waiwaya, ashe makara ce jingine da bango a bayana, tabarmarta ba ta ma bushe ba.

Wani dattijo mai jajayen idanu yana kallona daga tsakiyar tabarma. Ba sai an gaya mini ko wane ne ba, kamannin Umaru suna fuskarsa.

"Sannu da zuwa, samari. Ka gama?"

Na ce na gama.

"Wa kaka nema?"

Na ce Umaru, ango.

"Yanzu munka dawo daga rakkiya tai," in ji shi. "Aje abin ga, ka zamna ka yi mai addu'a."

Na kusa da ni ne ya raɗa mini sauran. Da safe Umaru ya je wanka a babbar magudanar ruwan dam, santsin siminti ya kwashe shi, ruwa ya ja shi. Abincin da na ji ƙamshinsa na biki ne, ya koma sadaka. Na zauna ina kuka, rabi don abokina, rabi don kaina, jita kwance a gefena babu inda zan ɓoye ta.

Da an zage ni ko an kore ni, da na ji sauƙi. Malam Bawa sai ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambaye ni ko ni ɗan wane ne. Dole na faɗi sunan mahaifina a gaban taro, da inda nake aiki. Wani tsoho ya sunkuya ya yi masa magana a kunne, na ji sunan Hajo ya fita. Malam Bawa ya dube ni, ya dubi jitar, ya ce Allah Ya maida ni gida lafiya.

Maganar aure ba ta sake tashi ba, babu wanda ya rage da zai tashe ta. Hajo ta auri wani mai sayar da shanu a Maradun. A Bakura kuwa shekaru ana kirana makaɗin makoki.

Tun daga ranar, in na iske ko mutum biyu zaune a kan tabarma, sai na gaishe su har su gaji, na tambayi lafiyar kowa da ke gidan, kafin in yarda in yi ko murmushi.