Ranar Da Na Liƙa Wa Maroƙi Mataccen Kuɗi

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanin matata a Malbaza ba.

Ni dai tara tsofaffin takardun kuɗi nake yi, waɗanda aka daina karɓa. (Matata Rabi "gawawwakinka" take ce musu.) 'Yan dala ɗari da 'yan jikka ba sa wuyar samu. Amma tsohuwar jikka goma fa, wato takardar sefa dubu goma? Lokacin da aka canja kuɗi kowa manyan ya fara rugawa da su banki, wa zai manta jikka goma a ƙarƙashin matashi? Na yi shekaru ina cigiya daga Konni har Illela, kafin wata tsohuwa mai sayar da nono ta kwanto mini guda daga cikin tsumma. Na saya, na dawo gida kamar an ba ni kujerar Makka.

Ranar bikin na sa ta a aljihu don in nuna wa yayan Rabi, malamin lakwal (makarantar boko), wanda ya rantse babu sauran irinta. Tsautsayi ya sa na haɗa ta aljihu ɗaya da kuɗin biki.

Muna zaune sai maroƙi ya hango ni. "Ga na Konni mijin Rabi! Ruwan sama ba ka zaɓen gona!" Kaina ya kumbura. Na miƙe, na zura hannu, na zaro takarda ko dubawa ban yi ba, na manna masa a goshi.

"Jikka goma, jama'a! Jikka goma yab ba ni!" Mata suka rangaɗa guɗa. Sai ya ɓamɓaro ta, ya juya, ya ɗaga sama. "Kai, ku dakata. Wagga takarda ai ta girmi ango! Alhaji, kuɗɗin ga tun yaushe anka bizne su?"

Wuri ya kaure da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai hankali sai ya ba shi wata ya koma ya zauna, ya haƙura da tsohuwar, don kowa ya san ba a karɓe kyautar maroƙi. Ni kuwa sai na ga yana ninke ta da hannu duk gumi.

"Kada ka ninke ta!" Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba, a gaban surukaina kaf.

"Mi kaka yi da gawa, Alhaji?"

"Ina son abata."

"To, hwanshe ta."

Na zaro sabuwar jikka goma, wadda na ware don man babur da cefane, na ba shi. Nan take ya sa kiɗa ya canja: "Ya ba da matatta, ya hwansa da mai rai! Allah shi ƙaro muna irinka!" Surukata ta yi dariya har da hawaye, Rabi ta rufe fuska da gyale. Yayanta ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Lalle akwai ta. Amma ka ga ni kyauta nig gan ta."

Abin daɗin, tun ranar duk wanda ya tsinci tsohon kuɗi a Malbaza ni yake aiko wa. Ni kuma na koyi darasi: in ana yabonka, duba hannunka kafin ka miƙa. Takardar tana nan da layin ninki a tsakiya, ita kaɗai ce gawar da na saya sau biyu.