Wutsiyar da Ke Kallon Sama

Abokina, ko rantsuwa nawa zan yi maka ba za ka yarda da wannan labari ba, amma gyara zama. Ni ne Mamuda, wanda duk Gummi ta san bakinsa, wanda boko ya yi wa kaɗan har ya bar wa malamai ajinsu su ƙarasa da kansu.

A gidanmu, ran Layya Inna kan yanke wutsiyar rago, ta shafe ta da gishiri, ta naɗe a tsumma, ta rataye saman murhu tana shan hayaƙi har ranar cika-ciki. Ran nan ake jefa ta a miya, Baba ya tsamo ta da kansa ya raba wa kowa yanki, a ci tuwo har a kasa tashi. A wannan shekarar, cika-ciki ta faɗo cikin kaka, sabon gero ya shigo gida, kowa na haɗiyar yawu.

Matsala ɗaya ce: babu wutsiya. Kada ka ce na sata, duba lafiyarta nake yi. Yau in gutsura in ji ko gishiri ya kama, gobe in ji ko hayaƙi ya ratsa. Ran da na farga, tsumma kaɗai ke lilo. Na cusa totuwar masara a ciki na mayar. In Inna ta kwance tsumman nan, tawa ta ƙare, don haka dole ni zan kwance shi.

"Inna, yau ki huta. Ni ka dahwa miya."

"Kai? Kai da ko ruwan zahi ka aza sai ya ƙone?"

"Haba Inna! Can dajin Anka, wa ke ciyad da masu haƙar zinare? Mutanen Katsina, mutanen Nijar, layi sukai suna kuka kan miyata."

Gaskiya kwanuka na wanke masu, amma ai na ga abin da ake zubawa ciki.

Mardiyya, ɗiyar kawuna, taubashiyata mai baki kamar reza, tana tankaɗen gari. Ta ce, "Gwaggo, bar shi don Allah. Mu shiga sabuwar shekara da dariya."

Na zaga ta baya sai wurin Sharu mahauci. Ya ce, "Wutsiyar rago, yau? An riga ka tun hantsi. Ga ta wani tsohon bunsuru nan, ɗauki kyauta. Kare ma ya shinshina ya wuce." Na ce a raina wutsiya ai wutsiya ce. Na babbake ta ta yi baƙi, na jefa a tukunya, na cusa totuwar a wuta, na ja ƙyauren madafi.

Tafasa ɗaya, malam, sai wari ya miƙe tsaye kamar mutum. Na danƙara daddawa, warin ya sami aboki. Na zuba citta da kanumfari, ya zama bunsuru mai turare. Na juye tonka, barkonon nan mai yaji, rabin gwangwani, na yi atishawa har hulata ta faɗa toka. Na ce bari tsamin sure, wato yakuwa, ya kashe shi, tsami ya yi yawa, na jefa kanwa ƙato guda. Sai miya ta taso da kumfa, ta haura tukunya, ta kashe mani wuta.

Inna ta buga ƙyaure. "Mamuda, mi ya mutu ciki nan?"

"Salon Nijar ne, Inna! Sai ya huce ake gane daɗinai."

Ban rufe baki ba akuyar Inna ta tsinke igiya ta zo bakin ƙofa tana kuka. Ta maƙwabta ta tsallako katanga. Kafin la'asar sakaliya awakin unguwa sun yi cincirindo a tsakar gidanmu, suna kaɗa jela, suna leƙen madafi kamar 'yan kallon biki.

Mardiyya ta ce, "Lalle ba ka yi ƙarya ba, ɗan gwaggo. Ga layi, ga kuka."

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma, aka jera tuwo yana tururi. Baba ya yi bismilla, ya toshe hanci da gefen rawani, ya sa ludayi ya tsamo wutsiyar. 'Yar guntuwa, a lanƙwashe, bakinta na nuna taurari.

Ya juya ta, ya sake juyawa. "Mamuda, ragon ga ni na kiwata shi. Wutsiyatai har ƙasa take ja."

"Wuta ce ta tsuke ta, Baba."

"To. Wuta ce kuma ta ɗaga ta sama? Tun da nike ban taɓa ganin rago na nuna ma sama wutsiya ba."

"Irin na zamani ne…"

"Ina ta ragona?"

Na dubi Inna, na dubi ƙofa. Awaki sun tare ta. Na ce, "Tana wurin da ba ta lalacewa, Baba," ina shafa ciki.

Inna ta saki salati. Baba bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi tsorata ni. Ya ce a ɗauki tuwo a tafi gidan kawu, can akwai miyar kaji. "Kai kuma, yau cika-ciki, ba a zubda abinci. Kai ka dahwa, kai ka cinyewa. Mardiyya, zauna ki gani har ya suɗe."

Aka bar ni da tukunya tsakanin ƙafafu, hawaye na zuba, awaki sun kewaye ni. Akuyar Inna ta matso ta ɗora haɓarta a kafaɗata.

Mardiyya ta gyara zama da cinyar kazar da aka aiko mata daga gidansu a hannu, ta ce, "Ci a hankali, ango. Amare ba su gaji da jira ba."