Rasuwar Ruza a Tafkin Jindabyne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta hana shi ɗaga ido, Vinko Baric na garin Jindabyne yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, a-kori-kurar nan shuɗiya da kowa ya sani da suna Ruza. Rai ya yi halinsa da hantsin Lahadin da ta wuce, a gangaren da ake saukar da jiragen kamun kifi cikin tafki, a gaban jama'ar da ta zo hutun Kirsimeti, wanda a nan cikin tsananin zafi yake faɗowa.

Masu zuwa ta'aziyya su sani rashin ya wuce na mota. Tun sanyin bara, da ya manta tukunya a kan wuta har hayaƙi ya tara maƙwabta, 'yarsa Danica take roƙonsa ya bar garin nan na kan dutse ya koma wurinta a birnin Canberra. Ya ƙi, ya ce hankalinsa garau yake. Da ta matsa, shi da bakinsa ya yanka wa kansa sharaɗi: ranar da ya sake irin wannan mantuwa, zai tattara ya bi ta ba gardama.

Marigayiyar ta yi tsawon rai, ta kuma ƙarar da shi a kan aiki. Tun Vinko yana da baƙin gashi take hawa dutse da shi duk lokacin sanyi, bayanta cike da sarƙoƙin hana santsi da yake ɗaura wa tayoyin motocin baƙi masu zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ta ja motocin 'yan Sydney daga rami, motocin da kujerarsu ɗaya ta fi ta tsada, ba ta taɓa yi musu gori ba. Wannan ɓangaren maigidanta ta bar wa. Idan zafi ya shigo sai ta koma jan ƙaramin jirginsa zuwa bakin ruwa. Da safe takan yi tari, kuf-kuf-kuf, kafin ta yarda ta tashi, ƙofarta ta hagu kuma ba ta buɗuwa sai ta yi ƙiii kamar an taka kyanwa.

Ciwon ajalinta gajere ne, amma asalinsa ya daɗe. Duk wanda ya taɓa ajiye mota a saman dutse ya sha wa'azin Vinko: a bar ta cikin giya, a sa dutse a gindin taya, kada a kuskura a ja birkin hannu, domin sanyi zai daskarar da shi, gari ya waye mota ta ƙi motsi. Ya faɗa wa likitoci, ya faɗa wa lauyoyi, da yatsa a sama, har da waɗanda ba su tambaye shi ba. Hannunsa ya saba, ya daina sanin inda birkin yake.

Ranar Lahadin kuwa babu ƙanƙara ko ta sakawa a ruwan sha. Ya yi baya da Ruza a gangaren, jirgi a ɗaure a bayanta, ya cire giya don kada inji ya mutu, ya sauka zai kwance igiya. Bai ja birki ba, bai sa dutse ba. Marigayiyar, da yake ba ta taɓa saɓa wa koyarwarsa ba, ta bi jirgin a hankali, cikin natsuwa, rediyonta na karanta labarin yanayi. Ya bi ta da gudu har ruwa ya kai masa ƙirji, yana riƙe da madubinta. Maganarta ta ƙarshe ita ce bul-bul-bul.

A bakin ruwan akwai matasan da ya taɓa yi wa faɗa a kan birki, kowa da waya a sama. Akwai Des Hanrahan, abokin kamun kifinsa, wanda ya cire hula ya ce, "Kai dai ka iya tarbiyya, tsoho. Har ta mutu ba ta san birkin hannu ba." Wannan bai dami Vinko ba, ya saba da bakin Des. Abin da ya kashe masa jiki shi ne Danica, wadda ta zo masa hutu, da ta ajiye kwandon abinci ta zo ta yafa masa tawul, ba ta ce uffan game da sharaɗin ba. Ya jira ta yi faɗa ko zai samu abin musu, ba ta yi ba.

"Baba, ƙarfe ne kawai," in ji ta. "Mu bar maganar."

"Ni na yi alkawari, 'yar nan," ya ce. "Ba sai kin tuna min ba. Wannan ɗin ban manta ba."

Marigayiyar ta bar jirgi ɗaya, wanda ya tsira babu ko ƙwarzane, da tayar safaya mai lafiya, da tulin sarƙoƙi a gareji, da kare mai suna Miro da har yanzu yake kwanciya a kan tabon man da ta bari a ƙofar gida. Ta kuma bar maigidanta, wanda bai leƙa shagon burodi ba tun ranar, sai dai a sayo masa. Allah Ya ba shi haƙurin rashi.

Janwe ya tsamo gawar, tana kwance a bayan gidan Des, laka har sitiyari, ga mai son ganawar ƙarshe. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi yadda abin ya faru, domin kowa ya gani a waya. Za a ɗauke ta ranar Asabar da safe zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe a garin Cooma. Vinko zai bi bayanta a motar Danica, a kujerar mai zaman banza, Miro a baya tare da akwatuna. In an gama, masu rakiya su juyo gida, kada su tsaya jiransa. Shi daga can zai wuce Canberra.