Masu Dafe Bango a Garin Balaifi

A wani gari da ake kira Balaifi, haramun ne a gyara abu. Ba don mutanen garin malalata ba ne. Wanda ya gina garin ba ya kuskure, saboda haka duk wanda ya kwaɓa ƙasa ya liƙe tsaga, to ya ce an yi kuskure ke nan.

Sunan maginin Yaldabawot. Tsofaffin littattafan masu neman ilimin ɓoye sun ce kansa na zaki ne, jikinsa na maciji, kuma ba ya gani sosai. Uwarsa Sufiya, wadda sunanta ke nufin hikima, ta haife shi ba da shawarar kowa ba, da ta ga abin da ta haifa sai ta lulluɓe shi da gajimare don kunya. A cikin gajimaren ya girma. Bai ga kowa ba, sai ya yanke cewa babu kowa. Ya sato ɗan haske daga wurin uwar, ya gina gari da lalube, ya hau soro mafi tsawo ya ce, "Ni ne Magini, babu wani magini sai ni." Fadawan da ya tara, waɗanda ake kira Majalisar Na'am, suka ce na'am.

Tambarin garin maciji ne da ya haɗiye wutsiyarsa. Masana sun ce alamar dawwama ce. 'Yan kasuwa sun ce yunwa ce.

Ana nan sai allolin Girka suka iso neman aiki. An daɗe da daina bauta musu a ƙasarsu, ɗakunan bautarsu sun koma wurin ɗaukar hoto. Magini ya karɓe su hannu biyu, don babu ma'aikaci mai biyayya kamar tsohon babba da ya ɗanɗana zaman banza. Ziyus mai tsawa da walƙiya aka ba Hukumar Hasken Gari: walƙiyar ta fada ce, tsawar ta sauran unguwanni. Hamis, wanda a Girka shi ne ɗan aiken alloli kuma ubangidan ɓarayi, ya zama Kakakin Fada. Shi kaɗai ne bai sha wahalar koyon sabon aiki ba. Hefastos, gurgun maƙerin da ya ƙera wa alloli makamai, aka naɗa Kwamishinan Ayyuka, aka karɓe masa guduma ranar rantsuwa.

A Unguwar Madalla akwai wata mai daddawa, Tsahare. Mijinta Jatau ya daɗe a kwance, rabin jikinsa ya shanye, sai an tashe shi an ba shi ruwa a baki. Bangon da gadonsa ke jingine da shi ya tsage daga sama har ƙasa, ya fara sunkuyowa cikin ɗaki, ga damina ta ƙarato.

"Tsahare," in ji Jatau, "ina hango akuyar maƙwabta ta cikin bango."

"Taga ce Magini ya ƙara mana, Malam. Yi shiru."

Amma da safe ta yafa mayafi ta tafi Ma'aikatar Ayyuka. Ta tarar da Hefastos zaune, hannuwansa manya-manya ajiye a kan teburi kamar kayan da aka ba shi ajiya.

"Ranka ya daɗe, bango zai faɗo wa mijina."

Ya dubi ƙofa tukuna. "Baiwar Allah, bango ba ya faɗuwa a Balaifi. Yakan dai canja matsayi."

"To zai canja matsayi a kan ƙirjin Malam. Ƙasa kwano biyu da ruwa, ni da kaina zan liƙe."

"Kin san dutsen bayan gari? Mikiyar nan da ta riƙa cin hantar wanda ya sato wa mutane wuta a ƙasarmu, ita ma ta samu aiki a nan. In aka ɗaure ki a can, wa zai ba mijinki ruwa?"

"To in jawo gadon tsakar gida."

"Wanda ya jawo gado ya zargi bango. Wanda ya zargi bango ya zargi Magini. A dutsen nan dai za a ɗaure shi." Ya sunkuyo, ya rage murya. "Na karanta dokar har ƙarshe, don ba ni da wani aikin. Ta hana gyara, ta hana gudu. Ba ta hana dafe bango ba."

Tsahare ta koma gida, ta tsaya a gefen gadon, ta juya wa mijinta baya, ta dafe bango da hannu biyu. Bangon ya tsaya.

Labari ya kai fada. Majalisar Na'am ta yi zama, ta gano cewa matar ba riƙe bango take yi ba, rungumarsa take don ƙaunar Magini. Hamis ya zo da makaɗa da lambar yabo. Babban baƙo shi ne Atlas, ƙaton da Girkawa suka ce an ɗora wa sama a kafaɗa, wanda yanzu ke shugabantar Hukumar Juriya. Da yake hannuwan Tsahare ba su da sarari, a wuya aka rataya mata lambar. Atlas ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Ni yaƙi na yi aka ci mu, aka hukunta ni. Ke laifin me kika yi, 'yar nan?"

"Miji gare ni," in ji ta.

Hamis ya sanar wa taro cewa ta ce alfahari gare ta.

Da farko maƙwabciyarta Ladingo ke shigowa ta ba Jatau ruwa, ta sa wa Tsahare loma a baki. Amma da ruwan farko ya sauka, bangon Ladingo ma ya tsage, kamar na kowa, don hannu ɗaya ya gina su. Yanzu kuwa kowa ya san maganin da doka ta yarda da shi. Kafin gero ya kai gwiwa, Unguwar Madalla duk ta juya wa titi baya. Manoma na dafe da bango, malaman makaranta na dafe da bango, ungozoma na dafe da bango. A Kasuwar Haƙuri aka daina sayar da hatsi, aka koma sayar da tsumman naɗe tafi da man shafa kafaɗa, kuma masu sayarwar 'yan Majalisar Na'am ne, don su kaɗai ke da hannu.

Wani ya kai wa Magini tsegumi cewa ana gunaguni. Ransa ya ɓaci, amma da yake mai adalci ne, ya ce a tambayi jama'a. Hamis ya bi unguwa-unguwa da mai shela: "Duk wanda bai gamsu da ginin garin nan ba, ya ɗaga hannu!"

Ko yatsa ba a gani ba. Aka yi biki a fada, Ziyus ya haska shi.

A ɗakin Tsahare, randa na nan bakin ƙofa, moɗa a kanta. Wanda ya taɓa jinya ya san nisan da ke tsakanin gado da randa ba nisa ba ne, sai ranar da ba mai miƙowa.

"Tsahare, ruwa."

"Bari Ladingo ta shigo, Malam."

"Ladingo na wajen bangonta."

"To bari ruwan sama ya tsagaita."

Tun yana kira da suna, ya koma kira da tari. Daga baya ta lura ɗakin ya yi shiru, ta ce a ranta barci ya samu. Ba ta waiwaya ba, don waiwaye na sassauta kafaɗa.

Da hantsi wata tsohuwa ta yi sallama ta shigo. Sufiya ce, uwar Magini. Tun da aka gina garin take bin gidaje tana neman hasken da ɗanta ya sata, wanda ya warwatse a ƙirjin mutane. Ba a hana ta yawo, don fada ta riga ta sanar cewa Magini ba shi da uwa. Ta dubi gadon, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta tsaya, ta mayar da shi cikin randa. Ta ja mayafi ta rufe wa Jatau fuska.

"'Yata, sauke hannunki. Babu kowa a ƙarƙashin bangon nan yanzu."

Tsahare ba ta motsa ba. Lambar yabon ce kawai ta kaɗa a wuyanta.

"Inna, in na saki ya faɗi, za a ce na ɓata ginin ɗanki."

"Ni na haife shi. Na san abin da ya iya ginawa. Saki."

"In kuma na saki, bai faɗi ba, ashe ruwan da Malam ya roƙa..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta gyara tsayuwa, ta ƙara dafewa.