Ni da Lamba Ɗaya a Gwanjon Inji

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a kafen intanet ɗin Madam Ladi ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen layinmu ba za su bari ba. Har yau idan na wuce akwai masu ɗaga mini yatsa ɗaya suna murmushi.

Ni kafinta ne a nan Lafiya. A lokacin, wajen shekarar dubu biyu da tara, shago ɗaya muke da Oga Terhemba, wani dattijon Tibi wanda shi ya koya mini riƙe zarto tun ina ɗan sakandare. Da na je na yi difloma na dawo sai ya mai da ni abokin tarayya, ya kuma sa mini suna Injiniya. (Shi da wasa ya sa, ni kuwa na karɓa da gaske.) Babbar damuwarmu ita ce rashin injin fere katako, wanda kafintoci ke ce wa filena. Duk katakon da muka saya sai mun loda a baro mun kai shagon wani, mu bi layi, a fere mana a lokacin da aka ga dama. Mun sha rasa aikin bencinan coci da na makaranta saboda haka.

Madam Ladi ce ta fara nuna mini shafin. Wani kamfanin gine-gine ne ya gama kwangila yana sayar da tsofaffin kayan aikinsa ta intanet, gwanjo, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A cikin hotunan kuwa ga filena nan, koriya, fentinta ya ɗan kankare amma lafiya lau, an buɗe farashinta a naira dubu arba'in. Na buga hoton a takarda na kai wa Oga da gudu.

Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Injiniya, wannan kasuwa da ba ka ga mai kaya, ba ka ga mai taya, yaya mutum zai yi ciniki a ciki?"

Na ce, "Oga, ka bar mini. Gwanjo dabara ce, ba ƙarfi ba."

Ina da dalilin cika baki. Mahaifina dillali ne a kasuwar shanu, na tashi ina kallon yadda ake tayi. Na zaunar da Oga a kan bencin da ba mu gama ba na yi masa lacca. Na ce abu na farko, ba ka nuna kana son kaya. Ka yi shiru kamar ba ka nan, sai ana gab da rufewa ka faɗo. Idan kuma wani ya ja da kai, ba ka ƙara masa ɗari biyar ɗari biyar kamar mai tayin tumatir, ka maka masa tsalle ɗaya da zai sa gwiwarsa ta yi sanyi. Oga ya gyaɗa kai. Sati bai zagayo ba ya sayar da doyar gonarsa ta Obi, wadda ya ajiye don rufin ɗakin matarsa, ya haɗa da ɗan abin da nake da shi, muka tashi da dubu ɗari cif.

Ya ce, "Mata na ya ce in inji bai zo ba, ni ma kar na zo."

Ranar Juma'a na je na yi rajista. Madam ta ce in bari ta taimaka mini, na ce ta je ta ji da masu neman sakamakon jarrabawa, mai difloma ba ya buƙatar ɗan jagora. Na cika suna, na cika lambar wayata. A ƙarƙashin hoton injin sai na ga wani akwati da aka rubuta, da Turanci, wai a sa mafi yawan abin da mutum zai iya biya. Na yi dariya a raina. Na ce wato so suke su tace, su san wa ke da ƙarfi wa ya zo kallo, kamar yadda dillali ke duban takalmin mutum kafin ya amsa masa sallama. To ni ba za a raina ni daga Lafiya ba. Dubu ɗari muke da su, na rubuta dubu ɗari da hamsin, na danna, na tashi ina gyara wuyan riga. A lissafina ban yi tayi ba tukuna, tayi sai ranar Laraba.

Lambar sirrin da na zaɓa doguwa ce mai haruffa da lambobi, don na ji an ce ɓarayi sun yi yawa a intanet. Da na koma shago na zaro fensir daga bayan kunne na rubuta ta a jikin wani guntun katako, kamar yadda muke rubuta awo. Ranar Litinin Oga ya ga katako mai kyau yana zaman banza, ya goge shi, ya yi ƙafar benci da shi. Ranar Talata bencin ya tafi wata coci a Obi a bayan akori-kura.

Laraba da sha biyun rana, saura awa biyu a rufe gwanjo, ina gaban kwamfuta ina gwada duk abin da ya zo kaina, tana ƙi. Madam ta ce akwai hanyar dawo da lambar ta imel, sai dai imel ɗin ma lambar sirrinsa ɗaya da wancan. (Wayo ne, don kada in manta.) Ta ce, "No wahala, mu buɗe sabo." Muka buɗe sabuwar rajista da sunan Oga da lambar wayarsa. Shi kuwa ya rufe shago ya zo ya ja kujera ya zauna a bayana, hularsa a gwiwa, karo na farko da ya taɓa shiga kafe.

Da shafin ya buɗe sai na ga ashe wani ya riga mu. Ba a nuna suna, lamba ake ba kowa. Mai tayi Lamba Ɗaya, dubu arba'in.

Na ce, "Ka gani, Oga? Wannan sabon shiga ne. Ya nuna ƙwaɗayinsa tun da wuri."

Na jira har saura minti arba'in, yadda dabara ta tanada, sannan na sa dubu arba'in da biyar. Kafin in ɗauke yatsana daga maɓalli, shafin ya ce an fi ni. Lamba Ɗaya, dubu arba'in da shida.

Na gyara zama. Na sa hamsin. Hamsin da ɗaya. Lokacin tsallen mahaifina ya yi, na maka saba'in, na jingina ina jiran in ji gwiwa ta yi sanyi. Saba'in da ɗaya. Ko numfashi mutumin nan bai yi ba.

Zuwa lokacin kafen ya san abin da ake ciki. Wata malama da ta zo buga takardar neman aiki ta juyo da kujerarta. Wani ɗan hidimar ƙasa ya bar abin da yake yi. Mai sayar da lemo ma ta leƙo daga ƙofa da tirenta a ka. Ni kuwa tun da na samu masu sauraro sai na fara yi musu bayanin abokin gabata dalla-dalla. Na ce wannan wani babban ɗan kasuwa ne a Legas, yana zaune a ofis mai sanyi da janareta biyu, ba ya ma buƙatar injin, mugunta ce kawai. Na ce ku duba, dubu ɗaya yake ƙarawa kullum, irin masu kuɗin nan ne marowata. Aka kira azahar, na ce kun gani, ko salla ba ya tashi yi. (Ni ma ban tashi ba.)

Oga ya taɓa kafaɗata ya ce, "Injiniya, a hankali o. Wannan mutum kamar ya san abin da ke cikin aljihun ka."

Na ce, "Tsoro yake ji, Oga. Mai saurin amsawa tsoro yake ji."

Tamanin da biyar. Tamanin da shida. Sai aka ɗauke wuta, kafen gaba ɗaya ya yi "Ahh!" Madam ta fita da gudu ta ja janareta, muka zauna muna kallon baƙin gilashi. Da kwamfutar ta dawo saura minti bakwai. Na rufe ido na sa dubu ɗari, duk abin da muka mallaka, har da rufin ɗakin matar Oga.

Dubu ɗari da ɗaya.

A nan ya kamata mai hankali ya tashi. Oga ma ya sa hularsa ya ce, "Ya isa. Allah bai ba mu ba." Amma mutane goma na kallona, kuma ni ne na ce gwanjo dabara ce. Na leƙa ta taga na hango babur ɗina a jingine a gindin mangwaro. Na ce a raina ai ƙafa ma Allah ya yi ta don tafiya. Na sa dubu ɗari da ashirin.

Dubu ɗari da ashirin da ɗaya. Agogo ya cika, aka rufe.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma kunyar Oga ta ishe ni, sai na huce a kan Lamba Ɗaya. Na nuna kwamfutar da yatsa na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Na ce Allah ya sa injin nan ya zame masa ƙaya, kada ya ga albarkarsa. Na ce ranar da ya fara kunna shi Allah ya sa ya fere masa yatsun da yake danna maɓalli da su, ɗaya bayan ɗaya. Na juya na ce jama'a ku ce amin. Malamar nan ta ce amin. Ɗan hidimar ƙasa ya ce amin. Oga, dattijon coci guda, ya ce, "Amin, amma yatsa ɗaya ya isa."

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara a aljihu, saƙo ya shigo. Na zaro na ga Turanci ne daga masu gwanjon. Na ce, "Kun gani? Har da saƙon jaje za su aiko mini." Na fara karantawa da ƙarfi don kowa ya ji rainin hankali. Kalmar farko ta taya murna ce. Na rage murya. Layi na biyu ya ce ni ne na yi nasarar sayen injin a kan dubu ɗari da ashirin da ɗaya, in biya cikin kwana uku.

Madam Ladi ta karɓi wayar ta karanta, ta dube ni, ta sake karantawa. Ta ce, "Injiniya, ranar Friday da ka ce in bar ka, me da me ka cika?"

Na faɗa mata. Na faɗi akwatin nan da dubu ɗari da hamsin.

Ta dafa tebur. Ta yi ƙoƙarin magana, dariya ta hana ta, sai da ta zauna a ƙasa. Da ƙyar ta yi wa jama'a bayani. Akwatin nan ba na tace masu kuɗi ba ne, tayi ne. Idan ka sa adadi a ciki, kwamfuta ce ke tsaya maka, duk wanda ya taya sai ta ƙara kaɗan a kansa da sunanka, har sai an kai adadin da ka sa. Tun Juma'a ni ne Lamba Ɗaya. Kuma a duk faɗin Najeriya babu wanda ya taya injin nan sai ni da ni. Da bencin Obi ya tafi da lambar sirri na haƙura na zauna a shago, da mun same shi a dubu arba'in.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai lemo sai da ta sauke tire. Ni dai ina tsaye da yatsana har yanzu a miƙe wajen kwamfuta, na rasa inda zan sa shi.

Oga bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "To. Mutumin Legas ɗin kai ne. Mai rowa ɗin kai ne. Wanda bai yi salla ba kai ne."

Na ce, "Oga, mu ƙi biya kawai. Mu ce kuskure ne."

Ya ce, "Baban ka dillali ne. A kasuwan shanu, mutum ya taya, an sallama, sai ya gudu?"

Washegari na sayar da babur na cika kuɗin, har da na motar da ta ɗauko injin. Wata biyar na yi ina zuwa shago a ƙafa, masu acaɓa na tsayawa suna tambayata ko Lamba Ɗaya zai hau.

Ranar da filena ta iso muka kafa ta, aka haɗa wuta, maƙwabta suka taru. Oga ya ɗauko katako ya miƙo mini, shi kuma ya ja da baya har bakin ƙofa, hannayensa biyu a cikin aljihu.

Ya ce, "Kai za ka fara kunna shi. Kai ka yi addu'a, mu amin kawai muka ce."

Na tsaya a gaban injin na ɗaga hannu, a gaban kowa, na ce ya Allah, maganar nan ta ranar Laraba na janye ta, na yafe wa Lamba Ɗaya duniya da lahira. Sai da na sa aka nemo malamar nan ta zo ta janye amin ɗinta kafin in danna maɓalli.

Injin yana nan har yau, ya rufa wa matar Oga ɗaki, ya mayar mini da babur. Abin da na koya kuwa bai da yawa. Duk akwatin da ban gane ba yanzu ina tambaya, ko da a gaban mai lemo ne. Idan kuma wani ya ɓata mini rai, kafin in ɗaga hannu in kai ƙararsa wajen Allah sai na fara bincikawa ko ni ne. Kullum da yamma in na kashe filena nakan ƙirga yatsuna, kuma har jiya goma ne.