Kunnena a Kan Layin Dogo

Ni fa na san jirgin ƙasa, ina saurayi dako na yi a tasha a Kano. Da jikokina Ummi da Sadiku suka ce a waya kawai suka taɓa ganinsa, sai raina ya ɓaci. Kakansu na wajen uba yana da mota, ni kuwa jirgi ne abin da na fi shi. Na ɗora su a babur daga Minjibir har tsohon layin dogo, ina ta cika baki.

Layin ya yi tsatsa, wata tsohuwa ma ta shanya barkono a kai. Ban damu ba. Na durƙusa na manna kunne a ƙarfen yadda muke yi a da. Wallahi na ji shi: kan, kan, kan.

"Ga shi nan tafe!" Na fizge yaran, na ja tabarmar barkonon na watsar. "Inna, ki gode min."

"In gode maka? Rabon jirgi da nan tun ina da haƙora. Maƙeri ne can bayan kuka yake gyaran fartanya a kan ƙarfen. Tsince min kayana."

Na tsince, ina atishawa, ina hawaye. Ummi ta ce, "Haba angona, jirgin ne ya sa ka kuka?"

Yanzu ko daka ake yi, sai Sadiku ya rugo: "Kaka, kwashe barkono, jirginka ya iso!" Har uwarsu dariya take yi. A gidana, da hatsina.