Ranar da Na Kai Likkafani Sassumbrum

Da Kawu ya rasu a ƙauyensu can bayan Dungas, ni aka ɗora wa sayo likkafani a Magariya. Damina ce, gero ya rufe hanyoyin daji, ga shi rabona da ƙauyen tun ina yaro. Ɗan Kawu ya turo mini alamar wurin a waya, na goya Inna, ƙanwar mamacin, a moto, wato babur.

"Ka riƙa tambayar mutane," in ji ta.

Na ce, "Inna, da irin wannan na'urar matuƙan jirgi suke zuwa Makka. A sama wa suke tambaya?"

Ashe tsohuwar alamar da wani dillalin awaki ya taɓa turo mini na danna. Inna ta ce ita dai ta san Dungas gabas take, ga mu kuma mun nufi yamma. Na ce mata yanke ne, na ƙara wuta. Waya ba ta ce mun iso ba sai a ƙofar garken dillalin, a Sassumbrum.

Sai la'asar muka isa gidan rasuwa. Tuni an rufe Kawu da likkafanin da wani tsoho maƙwabcinsa ya tanadar wa kansa. Inna ba ta ga fuskar yayanta ba. Ba ta kuma yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Tsohon aka ba wanda na kawo. Har yau in ya gan ni sai ya ɗaga murya: "Matuƙi, nawa yana ƙarƙashin gado. Ranar tawa kada ka tada jirgi."